Sashe na 12 na Yarjejeniyar Paris: haƙƙin jama'a na sanin abin da bincike ya gano

Yarjejeniyar Paris, wadda aka amince da ita a Disambar 2015 ta kuma fara aiki a Nuwambar 2016, ta yi suna ne da burin hana ƙarin zafin duniya kaiwa digiri 2, in da hali ma a tsaya a 1.5. Sashenta na 12 kuwa ba kowa ke leƙa shi ba, wataƙila don jimla ɗaya ce tal. Ya ce ƙasashe su haɗa kai su ƙarfafa abubuwa biyar game da sauyin yanayi: ilimantarwa, horarwa, wayar da kai, sa jama'a cikin shawara, da ba su damar samun bayanai. Tun a 1992, Sashe na 6 na babbar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ɗora wa gwamnatoci wannan nauyi, Paris jaddada shi ta yi.

A fannin lafiya aka fi ganin amfaninsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2030 da 2050 sauyin yanayi zai jawo ƙarin mace-mace kusan 250,000 duk shekara, ta hanyar tamowa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsananin zafi. Wannan adadi na masu tsara manufa ne. Mai kula da tsoho ko jariri abin da yake buƙata daban ne: yaushe zafi zai tsananta, mene ne alamun ya fara yi wa jiki illa, ina za a nufa.

A nan gizo ke saƙa. Rahotannin IPCC, kwamitin masana kan sauyin yanayi da aka kafa a 1988, sukan kai dubban shafuka. Akwai taƙaitawa, wadda wakilan gwamnatoci ke bi layi bayan layi kafin su amince, amma don masu mulki ake rubuta ta, kuma harsuna shida na Majalisar ake fassara ta a hukumance. A ganina, gwamnatin da ta ɗora rahoto a intanet ta kama gabanta ba ta sauke nauyin Sashe na 12 ba.

Sai dai sashen ba shi da haƙora. Ya bar wa kowace ƙasa ta ɗauki matakin da ta ga ya dace, bai sa wa'adi ba, kwamitin da Sashe na 15 ya kafa don bin diddigi kuma taimako aikinsa, ba ya hukunta kowa. Shirin shekara goma da aka amince da shi a Glasgow a 2021 ya ƙarfafa wa ƙasashe gwiwa su naɗa jami'i na musamman su kuma tsara dabarar ƙasa kan waɗannan abubuwa biyar. Shi ma roƙo ne.

Wanda ke son ganin yadda ake ɗaure gwamnati da gaske, ya duba Yarjejeniyar Aarhus ta 1998, wadda galibin mambobinta ƙasashen Turai da tsakiyar Asiya ne. A ƙarƙashinta, kowa na iya neman bayanan muhalli daga hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, dole a amsa cikin wata ɗaya, ko biyu idan bayanan na da yawa da sarƙaƙiya. In aka hana shi, yana da damar ƙalubalantar hukumar a kotu ko gaban wata hukuma mai zaman kanta. Idan kuma akwai hatsarin da ke dab da afka wa lafiyar mutane, ba a jiran sai an tambaya, wajibi ne a sanar da waɗanda abin zai shafa nan take. Latin Amurka da Karibiyan sun bi sahu da Yarjejeniyar Escazú ta 2018, wadda ta fara aiki a 2021. Ƙasar da ba ta cikin ko ɗaya, dokarta ta 'yancin samun bayanai ce madogara, idan tana da ita.