Famfo Kafin Mota: Abin da Dokar Haidurojin ta Turai Ta Ce

Duk wanda ya sauya motarsa zuwa gas bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san inda gizo yake saƙar. Sauya injin aikin kwana ɗaya ko biyu ne, wurin shan gas ɗin shi ne magana. Wani direba mai lodin Kano a Kwangila, nan Zariya, ya taɓa ce mini, "Malam, tukunya tana cikin but, amma in babu famfo a hanya ai dako kawai nake yi mata." Wannan matsalar ce Tarayyar Turai ta zauna ta yi wa doka, a kan motocin lantarki da na haidurojin. Na haidurojin ɗin nake so mu warware.

Haidurojin iska ce marar nauyi, ita ce rabin sirrin ruwan da muke sha. Motar da ke aiki da ita tana da wata na'ura da ke haɗa ta da iskar da muke shaƙa, sai lantarki ya fito ya juya ƙafafu, abin da salansa ke fitarwa kuma ruwa ne. Toyota ta fara sayar da irin wannan mota, Mirai, tun 2014. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce sosai: takin yuriya da ake zuba wa masara a gonakin Giwa da Soba, da haidurojin da aka ciro daga iskar gas ake yinsa.

Dokar mai lamba 2023/1804 ta fara aiki ranar 13 ga Afrilun 2024. Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, ba direba take yi wa umarni ba, kuma ba ta ce kowa ya sayi motar haidurojin ba. Gwamnatocin ƙasashe 27 na tarayyar ta ɗora wa nauyi. Sashe na 6 ya ce kafin ƙarshen 2030, a kan manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasashen, kada tazarar da ke tsakanin gidan haidurojin da na gaba ta wuce kilomita 200. Kowane wuri ya iya ba da aƙalla tan ɗaya a rana, ya kuma kasance da famfo mai matsin bar 700 (bar shi ne ma'aunin matsin iska). Don a ji girman lambar: iskar da mai faci yake sa wa tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba, tukunyar gas ta mota kuwa wajen 200 take ɗauka. Ban da hanyoyi, kowane babban birni da aka sa a taswirar sufurin tarayyar sai ya samu gida ɗaya ko fiye.

An bar ƙofa ga hanyoyin da ba su da cunkoso. Inda manyan motocin da ke wucewa ba su kai 2,000 a rana ba, ƙasa na iya rage yawan da gidan zai bayar har zuwa rabi. Tazarar dai tana nan yadda take.

Sashen da ya fi burge ni shi ne na kare mai saye, wataƙila don na sha tsayuwa a layin mai ina jin farashi na canzawa kafin a zo kaina. Dokar ta ce a nuna kuɗin kilo ɗaya a fili kafin a fara zubawa, kada a nuna bambanci tsakanin masu saye, kuma mutum ya iya biya nan take da katin banki ba sai ya yi rajista da kamfanin ba. Sannan kowace ƙasa ta rubuta tsarinta na ƙasa: ina za a gina, da wane kuɗi, zuwa yaushe. An nemi daftari a ƙarshen 2024, cikakken tsari a ƙarshen 2025.

To, mu ɗauko awon mu ɗora a kan hanyarmu. Daga Kaduna zuwa Kano ya haura kilomita 200, saboda haka gida ɗaya a Kawo ɗaya a shigar Kano ba zai cika ƙa'ida ba, dole a sa na tsakiya, kuma kowa ya san Zariya ce tsakiyar, inda hanyar Funtuwa da Sakkwato ta rabu. A takarda abin daɗi. Amma tan ɗaya kilo 1,000 ne, kuma in daga ruwa za a ciro shi da lantarki, kowane kilo yana cin yunit 50 ko fiye. Wato yunit 50,000 kowace rana, wutar da ta haura megawat biyu ba ɗaukewa dare da rana, don gida ɗaya tak. Wanda ke zaune a Tudun Wada ko Samaru yana lissafin awannin da aka kawo wuta bai buƙatar a yi masa dogon sharhi. Shi kansa ruwan, lita tara ne mafi ƙaranci a kan kowane kilo, kuma sai tatacce.

Tan ɗayan nan, in ƙananan motoci ne masu shan kilo biyar zuwa shida, zai cika kusan 180. In tireloli ne masu shan kilo 30 ko sama, talatin da 'yan kai. Shi ya sa masu tsarin suka fi sa ido a kan manyan motoci da bas-bas, waɗanda batir ke yi wa nauyi a doguwar tafiya. Gina famfo kuma ba ya haifar da mai saye da kansa. Japan ta fitar da tsarinta na haidurojin tun 2017, Jamus a 2020, amma motocin ba su yi yawan da aka yi fata ba, kuma a farkon 2024 kamfanin Shell ya rufe gidajensa na ƙananan motoci a Kalifoniya.

A Najeriya, alƙawarin da ke ƙasa shi ne wanda Shugaba Buhari ya yi a taron Glasgow a 2021, na daidaita hayaƙin da ƙasar ke fitarwa nan da 2060, da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021. Lasisin gidajen mai da na gas yana hannun hukumar NMDPRA a ƙarƙashin Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021. A ganina, abin arowa daga Turai ba haidurojin ɗin ba ne tukuna, awon ne: a rubuta a doka cewa kilomita kaza sai famfo, ranar kaza ce wa'adi, wane ne zai amsa tambaya in aka saɓa, a fara gwada shi a kan gas ɗin da mutane suka riga suka kashe wa kuɗi. Bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 an shata shi ne daga Ajaokuta ya ratsa Kaduna zuwa Kano, Cibiyar Fasahar Sufuri ta NITT tana nan hanyar Basawa, injiniyoyin ABU suna Samaru. Masu iya zana taswirar famfunan suna cikin garin nan.