Wutar lantarki ba hatsi ba ce da ake zubawa a rumbu

Da zarar an ɗauke wuta a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, sai ka ji a majalisa ana cewa: "Ai suna da ita a ajiye, rowa ce kawai." Wani tela maƙwabcina har rantsuwa yake yi, keken ɗinkinsa a tsaye.

Malam, waya ba ta ajiye wuta. Wadda injinan madatsar ruwa ta Lagdo da ke ba yankin wuta, masu ƙarfin megawat 72, suka samar a wannan daƙiƙa, a daƙiƙar nan ake shanye ta. Babban abin da ke ajiye shi ne ruwan Binuwai da ke bayan dam, kuma da bazara yakan ja baya, daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firji.

Ita ma manhajar kwamfuta da ake kira SCADA, wadda ake kula da layukan wuta da ita, aikinta sa ido ne da sarrafa layukan: tana nuna wa injiniya nauyin da ke kan kowane layi nan take, da ko bugun wutar ya sauka ƙasa da sau 50 a daƙiƙa da ya kamata ya tsaya a kai. In buƙata ta rinjayi abin da ake samarwa, dole a yanke wasu unguwanni, in ba haka ba injinan su kashe kansu, yankin duka ya shiga duhu. Manhajar ba ta ƙara ko wat ɗaya.