Me ake nufi da "almajiri" a bakin Kirista?

Wata Lahadi muna dawowa daga sujada, mun biyo ta Ƙofar Ƙaura a kan babur, ƙaramar 'yata ta riƙe ni gam ta baya, sai na ji ta ce, "Baba, su Bitrus su ma bara suke yi?" Na ce wane Bitrus? Ta ce, "Almajiran Yesu mana, Malama ta ce su goma sha biyu ne." Tana faɗa tana nuna wasu yara uku da suka tsaya a bakin wani shago, kowa da robarsa a hannu, ƙafafunsu fari fat da ƙurar hunturu. Ban ba ta amsa a kan hanya ba, amma tambayar ta kwana a raina. Kalmar da muke ji da safe a coci cikin girmamawa, ita ce muke ji da rana a titi ana korar yaro da ita.

Asalin kalmar daga Larabci take, almuhajir, wato wanda ya yi hijira, ya bar gida ya tafi wani wuri. Bahaushe ya ɗauke ta ya sa wa wanda ya bar garinsu domin neman ilimi. Ka ga tun farko babu maganar bara a cikinta, bara ta shigo ne ta dalilin ciki, tunda yaron da ke nesa da tukunyar uwarsa dole wani ya ciyar da shi. Mutumin Katsina bai kamata ya manta wannan ba. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ne, garin da tun ɗaruruwan shekaru ake tahowa daga nesa a zauna gaban malamai, ga hasumiyar Gobarau nan tsaye tana shaida. Har yau za ka ji babban malami mai furfura, wanda ake cika zaurensa, ya ce, "Ai ni almajiri ne." Shi ya san nauyin kalmar.

Da masu fassara Littafi Mai Tsarki suka zo neman kalmar da za su kira mabiyan Yesu, ba su sha wahala ba, sun tarar da ita a bakin mutane. Cikakkiyar fassarar farko ta fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa ya ba da ƙarfinsa a kai, fassarorin da suka biyo baya ma ba su yar da kalmar ba. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar ita ce matetes, ma'anarta mai koyo. Ta fito fiye da sau 250, duk a cikin Linjila huɗu da Ayyukan Manzanni. Kalmar "Kirista" kuwa, wadda muke tinƙaho da ita, sau 3 kacal ta fito a dukan littafin. Ayyukan Manzanni 11:26 ya nuna a Antakiya aka fara kiran almajirai da wannan suna. Kafin nan, mai bin Yesu almajiri ne kawai.

A ganina babu al'ummar da ya kamata ta fi mu saurin gane wannan kalma. Wanda a ƙasarsu makaranta ita ce ka je da safe a tashe ku da azahar, sai an yi masa dogon bayani. Mu kuwa mun ga tsangaya da idonmu. Mun ga kolo yana kwana inda malam ya kwana, yana cin abin da aka samu, yana ɗebo ruwa, yana bin malam gona da damina, yana ɗaukar buzu da allo idan an tashi tafiya. Kafin ya zama gardi ya kwashe tafiyar malam da yadda yake gaisuwa da yadda yake fushi, ba tare da an ce masa koyi ba. Haka almajirancin Linjila yake. Markus 3:14 ya faɗi dalilin zaɓen goma sha biyun, abu na farko kuwa shi ne su kasance tare da Yesu, aike ya biyo baya. Luka 6:40 ya ce wanda ya koyu sosai zai zama kamar malaminsa. Sun bi shi a ƙafa daga Galili zuwa Urushalima, sun ga yadda yake addu'a, yadda yake amsa wa mai zaginsa, da wa yake cin abinci. Har akwai lokacin da ya aike su bibbiyu ya hana su ɗaukar gurasa ko burgami ko kuɗi, ya bar su ga karamcin masu gida. Da na karanta wa 'yata wannan wuri da daddare, cewa ta yi, "To ai na faɗa." Na ce mata bara ba su yi ba, amma sun san ɗanɗanon tuwon gidan wani.

Ba su goma sha biyu ne kaɗai almajirai ba, wannan kuskure ya yi yawa a tsakaninmu. Luka 6:13 ya ce daga cikin almajiransa ya ware sha biyu ya kira su manzanni. Akwai mata ma. Maryamu 'yar'uwar Marta ta zauna a gabansa tana sauraro, zaman ɗalibi gaban malami, ya kuma ce ba za a ƙwace mata wannan rabo ba. Tabita ta Yafa, mai ɗinka wa gwauraye tufafi, littafin Ayyukan Manzanni ya kira ta almajira a fili.

Inda almajirancin Yesu ya rabu da wanda muka sani shi ne wurin da na fi so a tsaya. A wurinmu uba ne ke kama hannun ɗansa ya kai shi wurin malam, ko babba ya ji labarin gwani ya niƙi gari ya tafi gabas. A cikin Linjila malamin ne ya fita nema. Ya tarar da Bitrus da Andarawas suna jefa taru a tekun Galili, ya ce su bi shi. Ya tarar da Matiyu a wurin karɓar haraji, aikin da Yahudawa suke ƙyama domin yi wa Romawa hidima ne, kuma an san masu yinsa da cuta, ya ce masa bi ni. Bai ce ya fara gyara halinsa ba. A Yahaya 15:16 ya faɗa musu a fili cewa ba su suka zaɓe shi ba, shi ya zaɓe su. Nan ne almajiranci ya haɗu da bishara. Ceto kyauta ne ta alherin Allah, ta wurin bangaskiya, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ya koyar, saboda haka bin da muke yi ba kuɗin saye ba ne. Amma aya ta 10 tana nan a manne, an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Wanda ya ce ya ba da gaskiya, shekara ashirin yana zuwa coci, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, amma mudunsa na kasuwa yana nan a lotse kamar da, to bai tashi daga teburin haraji ba tukuna.

Kuma babu sauka. Ajin baftisma yana ƙarewa, a shiga ruwa a fito, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, sai wasu su ɗauka sun sauke. Yesu ya ce a Matiyu 23:8 malaminsu ɗaya ne, su duka 'yan'uwa ne. Fasto almajiri ne, bishop almajiri ne, tsohuwar zumuntar mata da ba ta iya karatu ba ita ma almajira ce, wataƙila ma ta fi su nisa. Umarnin ƙarshe a Matiyu 28:19 shi ne a je a almajirtar da dukan al'ummai, wato almajiri ya jawo wani su zauna gaban malami ɗaya, ba gabansa shi ba. Ina faɗar wannan da zafi, domin na ga inda mai wa'azi ya tara jama'a suka zama nasa, ba sa motsi sai da izininsa.

Hijirar da ke cikin kalmar ma ba ta ɓace ba. Kakana Bamaguje ne daga yankin Malumfashi. Ranar da ya ce ba zai ƙara yi wa kan gida yanka ba, aka raba shi da gandu, ya koma noma wata fako a bayan gari, 'yan'uwansa suka daina cin tuwo da shi har tsawon shekaru. Bai je ko'ina ba, amma ya bar gida. Idan ana karanta Luka 9:23, inda aka ce mai son binsa ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa kowace rana, shi nake tunawa. Gicciye a zamanin Romawa itacen kisa ne, wanda aka gani ɗauke da shi an san ba zai dawo ba. Mu da muke rataya shi a wuya da sarƙa muna bukatar a riƙa tuna mana.

Sai jinƙai, wanda shi ne darasin da almajiran farko suka fi jinkirin ɗauka. Da Farisiyawa, wata ƙungiyar masu tsananta addini cikin Yahudawa, suka yi gunaguni don Yesu ya ci abinci a gidan Matiyu, ya ce su je su koyi ma'anar maganar wani annabi na Tsohon Alkawari, cewa jinƙai Allah yake so ba hadaya ba. Su kansu almajiran sun kori yara ya tsawata musu, sun so a kira wuta ta cinye wani ƙauyen Samariyawa ya hana su, sun ce a sallami taro da yunwa ya ce su su ba su abinci. A daren ƙarshe ya ɗaura mayafi ya wanke musu ƙafafu, har da ƙafafun wanda zai bashe shi. A wane zaure aka taɓa ganin malam durƙushe gaban kolo da ƙwaryar ruwa? Ya ce alamar da duniya za ta gane almajiransa ita ce ƙaunar juna. Tsofaffinmu suna tuna Babbar Ruga, a hanyar Batsari, inda 'yan mishan suka yi shekaru suna jinyar kutare, suna taɓa hannun da kowa ke gudu. Mutane da yawa a can suka fara jin sunan Yesu, daga bakin mai wanke musu miki.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji Kirista ya ce wa yaro "kai almajiri" a matsayin zagi, ko ya daka wa mai roba tsawa a ƙofar gida. Yadda ake barin yara ƙanana a titi ba takalmi abu ne da ya kamata a gyara, maƙwabtanmu Musulmi da dama suna faɗa fiye da mu. Amma yaron ba shi ya kawo kansa ba, sunan da ke kansa kuma shi ne sunan da muke roƙon Allah ya same mu a ciki.

Akwai wani yaro ɗan shekara kamar tara da yake zuwa gidanmu tun bara, yana kiran matata Inna, tana ajiye masa ɗumame da safe. Washegarin wannan Lahadi da ya yi sallama, 'yata ce ta riga kowa tashi. Ta karɓi robar ta wanke ta tas kafin a zuba, ta haɗa masa da man shafawa a leda saboda kaushi, ta tsaya a zaure tana tambayarsa ko izu nawa ya kai.