CGM: wai meye wannan farin abun da masu suga ke mannawa a damtse?

Tunda na fara manna abun nan a hannuna da wuya ayi sati wani bai tambayeni ba, wani yace filasta ce wani yace ko ciwo naji, masu suga ƴan uwana kuma tambayarsu ɗaya ce kullum, wai wanne yafi kyau su siya. To ni dai gani nake kafin a kai ga wanne yafi kyau gara mutum ya fara sanin me abun yake aunawa, domin yawancin rikicin da mutane keyi dashi daga nan yake farawa.

Sunansa CGM, haruffa uku ne da aka gutsuro daga Turanci, ma'anarsu na'urar da take auna suga ba tsayawa, dare da rana, kana bacci tana aiki kana wanka tana aiki. Mitar da muka saba da ita ta huda yatsa lamba ɗaya take baka a lokacin daka huda shikenan, kamar ka leƙa ta taga ne ka hango mutum a tsakiyar titi ka rufe, ka ganshi dai amma baka san tafiya yake ko dawowa ba. Ita CGM tagar a buɗe take barinta. Wata duk minti ɗaya take turo lamba wata duk minti 5, mai minti 5 ɗinma in ka lissafa awo 288 kenan a rana, wa zai iya huda yatsansa sau 288?

Yadda take aiki ba wani abun tsoro bane. Akwai abun da ake dannawa a fata kamar hatimi, allura ta shiga ta fito nan take, abinda take bari a ciki wani siririn zare ne mai laushi kamar gashi, tsawonsa wajen milimita 5. A jikin zaren akwai sinadarin da in ya haɗu da suga yake tada ɗan lantarki kaɗan, yawan lantarkin shine na'urar ke juyawa ya koma lamba ta turo waya ta bulutut. Wannan faifan da kuke gani a waje shi ake kira sensa. Kuma ba sabon abu bane sosai, tun 1999 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ta farko ta kamfanin MiniMed, saidai waccan mara lafiya baya ganin komai, kwana 3 zaiyi da ita sai likita ya zazzage bayanan daga baya.

Ga inda nakeso a tsaya a natsu. CGM ba jini take aunawa ba. Zaren nan bai shiga jijiya ba, yana zaune ne cikin ruwan dake tsakanin ƙwayoyin nama a ƙarƙashin fata, suga kuma sai ya fara shiga jini tukunna ya tsattsafo cikin wannan ruwan, saboda haka lambar wayarka tana bin ta jini a baya da kamar minti 5 zuwa 15. In suga a zaune yake baka ma lura, amma in yana gudu sama ko ƙasa tazarar tana fitowa fili. Ni da kaina abun ya taɓa cina a satin farko, waya ta nuna 62 jikina na rawa, na sha abu mai zaƙi na zauna, bayan minti 10 na duba naga 60, hankalina ya tashi na ƙara sha, na sake dubawa 64 na ƙara kuma, wallahi kafin awa ɗaya ina kallon 240. Ashe tun shan farko jinin ya riga ya fara hawa, sensar ce bata iso ba. Da na huda yatsa a lokacin da na gani. Ƙa'idar da likitoci ke koyarwa dama ita ce ka sha abinda ya kai giram 15 na suga ka jira minti 15 sannan ka sake awo, kuma awon nan na biyu yafi kyau ya zama na yatsa. Duk wanda yace maka in ka sa CGM ka jefar da mitarka bai so ka da alheri ba, duk sanda abinda kakeji a jiki ya saɓa da abinda waya ke faɗa, yatsa ne alƙali.

Sai kibiya. Kusa da lambar akwai ƴar kibiya, kuma a wajena tafi lambar kanta daraja. Mutum biyu kowa 110, ɗaya kibiyarsa a kwance ɗaya ta kalli ƙasa sak, na farko ya kwanta abinsa yayi bacci, na biyu sugansa na zuba da sama da 2 a kowane minti, nan da rabin awa zai iya tsintar kansa a 50 ko ƙasa, in yana tuƙi ne ya faka. Lambobin nan da nake kawowa na ma'aunin mg/dL ne, in taka tana nuna ƙananan lambobi irinsu 6.1 to mmol/L ce, raba babbar gida 18 zaka samu ƙaramar.

To yanzu a zo ga kwatancen. Wadda tafi yaɗuwa ita ce FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott, ta fito a Turai a 2014. Ta farkon sai ka kara waya ko ƴar na'urarta a jikin sensar sannan ta baka lamba, kuma awa 8 kawai take iya riƙewa, in ka wuce haka baka kara ba abinda ke baya ya tafi, sannan bata da ƙararrawa ko kaɗan, shi yasa wasu ma suka ƙi yarda a kirata CGM cikakkiya. Libre 2 ta zo da ƙararrawa, Libre 3 kuma ta ƙanƙance sosai kamar ka ɗora ƙananan kwabbai biyu, tana turo lamba da kanta duk minti ɗaya. Kwana 14 sensar keyi, masu Plus a jikin sunansu 15, bayan damtse ake sawa, kuma in ka manna sabuwa sai ka jira awa ɗaya kafin ta fara magana.

Dexcom kuwa tun asali da ƙararrawa tayi suna. G6 kwana 10 take, jiranta awa 2, kuma ɓangaren dake tura saƙo daban yake ana cireshi a maida kan sabuwar sensa har wajen wata 3. G7 ta haɗe komai wuri ɗaya, jiran ya dawo minti 30, kwana 10 da ƙarin awa 12 na uzuri saboda kar ta mutu maka tsakar dare, daga baya aka fito da mai kwana 15 ta manya. Abinda nafi yaba mata shine bata jira sai suga ya faɗi, in ta hango nan da minti 20 zai kai 55 sai ta fara ihu tun kafin akai wajen. Na Medtronic irinsu Guardian 4 wajen sati ɗaya suke, kuma gaskiya yawanci wanda ke amfani da famfon insulin ɗinsu MiniMed 780G ne ke nemansu. Wannan ma magana ce mai muhimmanci, in kana da famfon da yake rage insulin ko ƙarawa da kansa bisa abinda sensa ta gaya masa to ba kai ke zaɓar sensa ba, famfon ne ke zaɓa, ba kowacce yake jin yarenta ba.

Akwai guda ɗaya da ta fita daban, Eversense. Ita likita ne ke ɗan tsaga fatar damtse ya dasa ta a ciki ya rufe, ta farko a Amurka kwana 90 take, aka zo mai 180, a 2024 aka amince da mai shekara guda cif. A waje kana manna wani abu a saitinta da ake cirewa ayi masa caji, kuma yana girgiza a jikinka ko waya bata kusa. Saidai manya kawai ake sawa, kuma ana daidaita ta da awon yatsa lokaci lokaci.

Lissafin kwanakin nan kar a rainashi, mai kwana 14 sensa 26 kenan a shekara, mai kwana 10 kuma 36 zuwa 37, banda wadda zata ɓalle. Kuma suna ɓallewa, tawa ɗaya a bakin ƙofa na gogeta ranar ta uku ta faɗo, in ta fito kuma bata komawa. Fata ta bushe sarai babu mai kafin ka manna, mai yawan zufa ya ƙara filasta a kai.

In ka shiga karanta tallansu zaka ga kowa na tutiya da wata kalma wai MARD, ma'anarta matsakaicin tazarar dake tsakanin abinda sensa ta faɗa da abinda awon jini na ɗakin gwaji ya nuna, a kaso cikin ɗari, ƙarama tafi kyau. Duk wadda ke ƙasa da kashi 10 ana ɗaukarta mai kyau, kuma sababbin nan yawancinsu suna wajen 8 zuwa 9 ne. Ni bana ganin hikimar zaɓe da wannan, kowane kamfani da mutanensa yayi gwajinsa da tsarinsa, banbancin rabin kashi ba abinda zai canza maka a rayuwa. Kashi 9 ɗinma ka duba me yake nufi, jininka na 100 sensa tace 91 ko 109 bata yi ƙarya ba, mitar yatsa ma tana da nata kuskuren. Ranar farko ta sabuwar sensa ma tafi yawan tangal tangal kafin ta zauna.

Tambayar da tafi MARD amfani ita ce, sugarka tana faɗuwa baka ji ba? Akwai waɗanda suka daɗe da ciwon har jikinsu ya daina basu alama, ba rawar jiki ba zufa sai dai kawai a ga sun fita hayyacinsu, akwai kuma ƙananan yara da basu iya faɗa ba. Irin waɗannan ƙararrawa ce gaba da komai, da kuma damar turawa wani, manhajar Dexcom Follow da LibreLinkUp duk suna bari uwa ko miji ko ɗan uwa yaga lambar a tasa wayar ko yana nesa. Uwar da ta shekara tana tashi ƙarfe 2 na dare da fitila tana huda yatsan yaro yana bacci ita ta san darajar wannan. Wanda kuma ƙwaya kawai yake sha kuma sugansa baya faɗuwa, bukatarsa daban ce, so yake yaga me abinci da tafiya da rashin bacci suke masa. Saboda irinsu aka fito da Stelo a 2024, ta farko da Amurka ta yarda a siya ba takardar likita, amma a kula ba'a yi ta dan masu insulin ba kuma bata ihu in suga ya faɗi.

Ƙararrawar ma tana da nata halin. In ka kwanta kan hannun da sensar take ka danneta sai ta nuna suga ya faɗi alhali lafiya lau yake, zaka ga layin ya faɗo lokaci ɗaya kamar an yanke, ka juya kuma ya dawo. Kar ka kashe ƙararrawar dan haushi, in zaka manna sabuwar sensa ka canza mata wuri ko ka koyi kwanciya ta ɗaya ɓarin.

Magunguna ma suna ruɗa su kuma kowacce da nata. Libre 2 in mutum na shan bitamin C sama da miligiram 500 a rana tana iya nuna sama da gaskiya. Dexcom G6 da G7 maganin hydroxyurea ne ke musu haka, wanda masu sikila da yawa ke sha. Na Medtronic farasitamol na iya ɗaga lambarsu. Haɗarin a bayyane yake, lamba ta hau na ƙarya ka ƙara insulin, ko suga ya faɗi ita tana ce maka lafiya. Wannan kaɗai ya isa yasa ka kai jerin magungunanka gaban likita kafin ka zaɓa.

Wata kalmar da CGM ta kawo ita ce TIR, wato yawan lokacin da sugarka ta zauna cikin iyaka, tsakanin 70 da 180. A 2019 masana suka haɗu akan cewa yawancin manya su nemi sama da kashi 70, kusan awa 17 kenan a rana, lokacin da suga ke ƙasa da 70 kuma kar ya kai kashi 4 wato wajen awa ɗaya. Masu ciki iyakarsu tafi matsewa, tsofaffi kuma an sassauta musu saboda tsoron faɗuwa. Gwajin HbA1c da muka sani matsakaici ne na wata 2 zuwa 3, wanda ke lilo tsakanin 45 da 300 da wanda ke zaune a 150 zasu iya fito da sakamako iri ɗaya, TIR ce ke tona wannan. Ga masu ƙarancin jini ko sikila kuma HbA1c ɗin ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba.

Abu ɗaya da nake roƙo, agogunan hannu da zobba da ake tallatawa a intanet wai suna auna suga ba huda ba zare, waɗannan ba CGM bane. A watan Fabrairun 2024 FDA ta fito ta gargaɗi mutane cewa babu ko ɗaya irinsu da ta amince dashi. Agogon da yake nuna lambar da sensa ta gaskiya ta turo masa wannan daban ne, yana da kyau. Amma wanda babu komai a ƙarƙashin fata yana baka lamba, dan Allah kar wanda ya ɗauki allurar insulin akan abinda ya faɗa.