Wasiyyar mamaci a Abuja: ina ake nemo ta, wa ke da ikon buɗe ta?

Sau da yawa tun ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba maganar take tasowa: "Ai marigayi ya ce ya bar wasiyya." Wani ya ji, wani bai ji ba, kuma babu wanda ya gan ta da idonsa. A Abuja abin ya fi wuya, domin yawancin magidanta aiki ne ya kawo su. Gida yana Kubwa ko Lugbe, dangi suna Katsina ko Yola, takardu kuma suna kulle a durowar ofis. Duk da haka, neman takardar nan shi ne aikin farko, kafin kowa ya ambaci rabon gado. Idan aka raba, sannan ta bayyana, gyaran yakan ci zumunci.

Doka ta ba kowa damar kai wasiyyarsa ajiya a sashen wasiyya da gado na Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Maitama, wanda lauyoyi ke kira Furobet. Ana rufe ta a ambulan, a buga hatimi, a ba mai ita shaidar ajiya. Saboda haka idan kuna binciken kayan mamaci, kada idonku ya tsaya kan wasiyyar kaɗai. Ɗan rasit mai tambarin kotu da aka cusa tsakanin takardun fili, ko katin wani lauya a aljihun jaka, ya isa ya nuna hanya. A tambayi lauyan da ya saba yi masa aiki, da bankinsa, da amininsa, da limamin masallacin da yake salla. In ya taɓa zama a Kaduna ko Jos, a leƙa can ma, don kowace jiha da nata ofishin.

Neman a kotu ba shi da sarƙaƙiya. Ana rubuta wasiƙa zuwa ga magatakardan sashen, a haɗa da takardar shaidar rasuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A kula da rubutun suna. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a wurin aiki, don haka a rubuta duka a cikin wasiƙar.

Idan an same ta, ba a miƙa wa babban ɗa ambulan ya tafi da shi gida. Magatakarda yana sa rana, a gayyato iyali da waɗanda abin ya shafa, a nuna wa kowa hatimin bai taɓu ba, sannan a buɗe a karanta. Bayan haka mai buƙata ya biya kuɗi a ba shi kwafi mai tambarin kotu. A nan ina roƙon iyalai abu ɗaya: a tabbata matan mamaci da 'ya'yansa mata sun sami labarin ranar. Wadda ke takaba ta tura wakilin da ita ta zaɓa. Mafi yawan zargin da ke biyo baya daga wanda aka karanta ba ya nan yake fitowa.

In kuwa a gida aka tsince ta, wanda ta faɗo hannunsa amana ya riƙe. Wajibi ne ya kai ainihin takardar kotu, kuma kotu tana da ikon tilasta wa duk wanda ya ɓoye ya fito da ita. Kada a cire fil ɗin da ya haɗa shafukan, kada a yi rubutu a kai, ko da gyaran harafi ne, domin duk wata alama sai an yi bayaninta.

Samun takarda kuma ba shi ne ingancinta ba. Abuja tana aiki da dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ta ce sai an rubuta, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu. Shaida ko matarsa ba sa cin abin da aka ba su a ciki. Sai kotu ta gamsu ta ba wasiyyi, wato wanda mamaci ya ambata ya zartar da wasiyyar, takardar izini, sannan banki, kamfanin fansho ko ofishin filaye na AGIS za su saurare shi.

Ga Musulmi akwai wani ma'auni. A shari'a ana fara cire kuɗin jana'iza da bashi, wasiyya ba ta wuce sulusin abin da ya rage, kuma ba a yi wa magaji sai sauran magada sun yarda. Ta baki ma tana tabbata idan akwai shaidu adilai. Irin wannan ana kai ta kotun yanki, kuma sashe na 262 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Abuja hurumi a kan wasiyya da gadon Musulmi. Amma a shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da ya rubuta bisa dokar 1837, duk da ta saɓa wa mazhabar Malikiyya. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka toshe wannan ƙofa a dokokinsu. Shi ya sa da zarar an ga takardar, a nuna wa lauya da malamin da ya san gado, a gane ta wace hanya aka rubuta ta.

Idan an bincika ko'ina ba a samu ba, iyali su zaɓi wakilai su nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Wanda marigayi ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa ba ya zama mai kuɗin don sunansa yana wurin. Shi ma sai ya bi ta kotu kamar sauran magada.