Na mayar da wayar, amma kamfani ya ce in biya kuɗin soke kwantiragi: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Birtaniya

Wanda ya saba da tsarin gida, inda za ka sayi wayarka a kasuwa, ka sa layin MTN ko Airtel, ka riƙa sa kati gwargwadon abin da ke aljihunka, yakan sha mamaki idan ya zo Birtaniya. A nan kamfanoni irin su EE, O2, Vodafone da Three sukan ba ka sabuwar waya da ɗan kuɗi kaɗan a hannu, ko ma babu ko kwabo, sai ka sa hannu cewa za a riƙa cire maka kuɗi duk wata. Rigima takan tashi idan mutum ya fasa, ya mayar da wayar, ya ɗauka an rabu lafiya, kwatsam sai ga takardar neman ɗaruruwan fam. Ga tambayoyin da suka fi damun mutane a kan wannan.

Tun da wayar ta koma hannunsu, ba shi ke nan kwantiragi ya mutu ba?

A'a, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Mayar da waya abu ne daban, sanar da kamfani cewa ka janye daga yarjejeniya abu ne daban. Doka tana so ka faɗa musu ƙarara cewa ka soke, ko ta imel, ko ta wasiƙa, ko ta fom ɗin da suke bayarwa. Jefa waya a ambulan ka tura ba tare da wata magana ba ba ya wadatarwa.

Abin ya fi rikicewa idan ta hannun dillali ka saya, wato shago ko shafin intanet da ke sayar da kwantiragin kamfanoni da dama. Wayar ta dillali ce, layin kuma na kamfanin sadarwa. Sai ka mayar wa dillali kayansa, shi kuma ya yi jinkirin gaya wa kamfanin, ko ya manta gaba ɗaya. A wajen kamfanin kana nan daram a matsayin mai biya. Haka nan akwai tsarin da ake raba yarjejeniya gida biyu: ɗaya ta kira da data, wadda ƙa'idar Ofcom, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Birtaniya, ta hana ta wuce wata 24, ɗaya kuma ta bashin wayar kanta, wadda takan kai wata 36. Soke ɗaya ba lalle ya kashe ɗayar ba. Ka nemi kowane ɓangare ya rubuto maka cewa an rufe, da ranar da aka rufe.

Kwana nawa doka ta ba ni in fasa ba tare da tara ba?

Idan ta intanet ko ta kiran waya ka ƙulla cinikin, dokar kwantiragin masu saye ta 2013, wadda ta fara aiki a watan Yuni 2014, ta ba ka kwana 14 ka canza shawara, kuma ba sai ka faɗi dalili ba. Lissafin yana farawa ne daga washegarin ranar da wayar ta shigo hannunka. A ce an kawo ta ranar 3 ga Maris, to kana da dama har ƙarshen ranar 17 ga wata. In ka sanar da su ranar 15, kana da wasu kwana 14 daga nan ka aika da ita, wato zuwa 29 ga Maris. Mutane da yawa ba su san da wannan wa'adi na biyu ba, wasu ma'aikatan ɗakin amsa kira ma haka, shi ya sa za ka ji an ce maka "ai wayar ta iso bayan kwana 14, ka makara." Ba ka makara ba, muddin ka sanar a kan lokaci kuma ka aika a kan lokaci.

Shawarata dai, in yarjejeniyarka irin mai gida biyun nan ce, ka ƙirga daga ranar da ka sa hannu, kada ka jira ƙirgen ranar kawowa. Wa'adin aikin layi kaɗai daga ranar ƙulla shi yake farawa, kuma babu ribar tsayawa gardama a kan kwana ɗaya ko biyu.

In kuwa kamfani bai taɓa gaya maka kana da wannan dama ba, doka tana tsawaita wa'adin, har zuwa ƙarin wata 12.

To ni a shago na saya, ido da ido.

Nan kam doka ba ta ba ka kwana 14 ɗin ba. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar shagon ko ta kamfanin. Wasu suna ba da wa'adin mayarwa don raɗin kansu, wasu ba sa bayarwa. Duba takardar da aka ba ka. In an rubuta alkawarin a ciki, ya zama wajibi a kansu.

Sai dai in wayar na da matsala, labari ya canza, ko a ina ka saya. Dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka ƙi kayan da ya zo da lahani a mayar maka da kuɗinka. Bayan kwana 30 sai a fara da gyara ko sauyi, kuma a cikin wata shida na farko mai sayarwa ne zai tabbatar da cewa ba da lahanin ta zo ba.

Ta yaya suke lissafa wannan kuɗi mai yawa haka?

Sauran watannin da suka rage maka suke tarawa. A ce kana biyan fam 30 a wata na tsawon wata 24, ka fita bayan wata ɗaya: saura wata 23, fam 690 ke nan, sai ɗan ragin da kamfani ya yi. Bai halatta kuɗin ya zarce jimillar abin da da za ka biya in ka zauna har ƙarshe ba. Kafin ka ɗauki kowane mataki, tura saƙon tes mai kalmar INFO zuwa 85075 daga layin. Kyauta ne, kuma za a turo maka adadin da suke ganin za ka biya in ka fita. Ajiye hoton saƙon.

Wannan lissafi na wanda ya fita a tsakiyar tafiya ne. Wanda ya soke cikin wa'adin kwana 14 ba ya cikinsa. Abin da za a iya nema a wajensa shi ne kuɗin 'yan kwanakin da ya yi amfani da layin, in shi ya nemi a fara masa aiki nan take, da kuma ragin daraja in ya yi wa wayar abin da ya wuce dubawa irin ta mai saye a shago. Buɗe kwali da kunna waya ba laifi ba ne. Tsagewar gilashi ko ƙarcewa a baya, wannan za su cire.

Sun ce wayar ba ta iso ba, ko kuma wai ambulan ya zo babu komai. Yaya zan yi?

Wannan ita ce rigimar da ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, kuma tun a gidan waya ake cin ta ko a faɗi. Kafin ka naɗe wayar, danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, ka ɗauki hotonta a fuskar wayar da kuma a jikin kwali. Ɗauki hoton gaba da baya, da wuta a kunne. Cire asusunka na iCloud ko na Google, ka kashe makullin nemo waya, domin wayar da ta koma a kulle sukan ƙi karɓarta, su ce ba ta da amfani gare su. Sannan ka ɗauki bidiyo kana saka ta a ambulan kana liƙewa.

A kan kantar gidan waya, kada ka yarda ka tafi sai an ɗora ƙunshin a sikeli an ba ka rasit. Ɗan siririn rasit ɗin nan na Post Office yana ɗauke da rana, da lambar bibiya, sau da yawa har da nauyi. Nauyin nan shi ne makaminka: ambulan da aka auna ya kai nauyin waya da kwalinta, ba wanda zai ce fanko ka tura. Tawadar irin wannan takarda tana dusashewa cikin 'yan watanni, musamman in ta zauna a walat, don haka ɗauki hotonta tun kana tsaye a wurin. In da kuɗinka za ka aika, yi amfani da Special Delivery na Royal Mail, ka tabbata inshorar ta kai darajar wayar.

Dokar 2013 tana tare da mai rasit. Ta ce a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14 daga ranar da kayan ya isa, ko daga ranar da ka nuna shaidar aikawa, duk wanda ya riga. Wato shaidar aikawa ita kanta tana da nauyi a doka.

Ta baki na soke, a kiran waya. Ba ni da komai a rubuce.

Ba a rasa ba tukuna. Duba tarihin kiranka ka fitar da rana da lokaci. Sannan ka rubuta wa kamfanin kana neman duk bayanan da suke riƙe da su a kanka, har da naɗin muryar kiran da abin da ma'aikaci ya rubuta a asusunka. Dokar kare bayanai ta ba ka wannan haƙƙi, kyauta, kuma a ƙa'ida wata ɗaya gare su su amsa. In sun yi biris, hukumar kare bayanai ta ICO ce ke sauraren wannan ƙorafi. Sau da yawa layi ɗaya a cikin bayanan nan, inda ma'aikaci ya rubuta cewa mai layi ya nemi sokewa ranar kaza, shi ke kashe maganar.

In je banki in tsayar da cire kuɗin mana, su ƙarata?

Kada ka yi gaggawar wannan, duk da na san zuciya can take kai mutum. Tsayar da umarnin banki ba ya soke kwantiragi. Abin da zai faru shi ne kwamfutarsu ta rubuta ka a cikin waɗanda suka ƙi biya, a kai rahotonka ga Experian, Equifax ko TransUnion, masu ajiye tarihin bashin jama'a. Tabon ƙin biya yana zama shekara shida, kuma zai iya tare maka hanya ranar da ka je neman bashin gida, ko katin banki, ko wani layin. Abin da ya fi shi ne ka biya ɓangaren da ba ka musu a kai, ka rubuta musu cewa sauran kuɗin ana jayayya a kansu, ka nemi su dakatar da bin ka har a warware. In sun riga sun miƙa ka ga kamfanin karɓar bashi, tura wa shi ma kwafin ƙorafin. Kana kuma iya sa a liƙa gajeren bayani, wanda bai wuce kalma 200 ba, a jikin tarihin bashinka.

Ɗaliban da suka gama karatu suna shirin komawa gida su kula da wannan. Hawa jirgi ba ya goge bashin, kuma wanda ya dawo ƙarin karatu ko aiki bayan shekara biyu zai tarar da shi yana jira.

Na kira sau da yawa, kullum sai a ce za a duba. Ina zan kai ƙara?

Daina kira, koma rubutu. Kowane kamfani yana da tsarin karɓar ƙorafi a shafinsa. Rubuta gajere: ranar saye, ranar kawowa, ranar da ka soke, ranar da ka aika, lambar bibiya, lambar IMEI, sai abin da kake so, wato a soke kuɗin, a mayar da abin da aka cire, a gyara tarihin bashinka. Zagi da dogon labari ba sa ƙara komai.

Ofcom ba ta shiga rigimar mutum ɗaya da kamfani, amma ta tilasta wa kowane kamfani shiga ɗaya daga cikin hukumomin sasanci biyu, CISAS ko Communications Ombudsman. Za ka iya zuwa wajensu in kamfani ya ba ka takardar cewa ya kai ƙarshen abin da zai iya, ko in wa'adi ya cika ba a warware ba. An daɗe ana jiran mako takwas. Ofcom ta rage shi zuwa mako shida daga Afrilu 2026. Ba a biyan ko sisi, kuma in ka amince da hukuncinsu dole kamfani ya bi. In ba ka amince ba, ƙofar kotun ƙananan ƙararraki a buɗe take, wadda a Ingila da Wales take sauraren abin da bai wuce fam 10,000 ba. In kuma rigimar a kan bashin wayar ce, irin yarjejeniya ta biyun nan, to Financial Ombudsman Service, hukumar sasanta rigimar harkar kuɗi, ita ce wurin zuwa. Ofishin Citizens Advice yana taimakawa wajen tsara takardun, shi ma kyauta.

Kwana 14 sun wuce da gaske, wayar kuma lafiyarta ƙalau. Akwai wata mafita?

Ƙofofin kaɗan ne. In kamfani ya sauya sharuɗɗa ta yadda zai cutar da kai, dole ya ba ka sanarwar wata ɗaya da damar fita ba tara. Ƙarin farashin da aka riga aka rubuta a yarjejeniya ba ya cikin wannan, kuma tun 17 ga Janairu 2025 dole a rubuta shi da fam da kwabo tun ranar sa hannu. In an yaudare ka wajen sayarwa, misali aka ce akwai sabis a unguwarku alhali babu, wannan ma abin kai ƙorafi ne. In babu ko ɗaya, kada ka tura musu wayar haka kawai, don za ka iya rasa ta kuma bashin yana kanka. Gara ka tambaye su ko za su sauko da kai zuwa tsari mai araha, ko su yarda ka miƙa layin ga wani da zai ci gaba da biya.