Ƙarin ruwan ƙashi ba kimawi ba ne, iyayena mata

Assalamu alaikum 'yan uwa na Jidda da Makka. Ni nas ce a ɓangaren masu ciwon daji, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan wata Hajiya ce da ta tsallake mau'idinta, wato ranar da aka ba ta ta zo asibiti, har sau biyu, da na samu 'yarta a waya sai ta ce wai Hajiya ta ji an ce za a sa mata ƙarin ruwa shi ne ta ce kimawi aka dawo da shi, wato ruwan nan mai ƙarfi na kashe ciwon daji, ita kam ta gama shan wannan wahalar. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ruwan da take gudu na kare mata ƙashi ne.

Ga yadda abin yake. Mace in an gama mata aikin kansar mama, sau da yawa ana ɗora ta a kan ƙwaya irin letrozole ko anastrozole ta shekara 5 ko fiye, aikin ƙwayar shi ne ta rage sinadarin mata, estirojin, wanda ciwon ke ci da shi. To shi wannan sinadarin kuma shi ke riƙe ƙarfin ƙashi, in ya yi ƙasa sai ƙashi ya dinga zaizayewa ta ciki kamar itacen da gara ta ci, abin da Larabawa ke cewa hashashatul izam. Iyayenmu maza masu kansar mafitsara ta furostet da ake wa allurar Zoladex su ma haka, da masu daɗewa a kan maganin kumburi irin kotizon. Kuma wannan zaizayewar ƙashin ba ta ciwo, ba ta ba da alama, sai ranar da santsin banɗaki ya ɗebi mutum ko aka ture shi a cunkoson ɗawafi, ƙugu ko tsintsiyar hannu ta karye.

Maganin da ke cikin ƙarin ruwan ƙashin sunansa zoledronic acid, a kwalba za ki ga Zometa. Miligiram 4 ne ta jijiya, minti 15 ko ɗan fiye, yawanci sau ɗaya duk wata 6, ki tashi ki tafi gida. Ba ya zubar da gashi kamar kimawi. Gaskiya ne wanda ciwo ya riga ya taɓa masa ƙashi shi ma ana ba shi, amma nasa a kusa-kusa ne, duk wata ko duk wata 3, don haka don an rubuta miki ba yana nufin ciwo ya bazu ba. Kafin a fara ana yin hoton auna ƙarfin ƙashi, DEXA, in lambar ta kai -2.5 ko ƙasa ƙashi ya riga ya yi rauni.

Inda nake so ku ba ni kunnenku shi ne maganar haƙori. A je wajen likitan haƙori KAFIN ruwan farko, in akwai na cirewa a cire ya warke tukuna, domin cire haƙori bayan an fara yana iya sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa. Ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru yana da wuyar magani, kuma mu mutanenmu mun saba haƙori na ciwo sai a je wajen wanda ya fi araha a fizge shi ba a ce masa komai ba. Dan Allah duk mai taɓa miki baki ki gaya masa kina karɓar wannan ruwan. Dasashi ya kumbura ko gyambon baki ya ƙi tafiya, ki dawo mana.

Tahlili, wato gwajin jini, na ƙoda da na kalsiyam da bitamin D dole ne. Kar ki ce ai rana ta yi mana yawa a ƙasar nan, yawancinmu daga ɗaki mai mukayyif (AC) sai mota, ƙarancin bitamin D ya yi yawa a Saudiyya sosai. A sha laban (nono) da madara, a ci ɗahiniya (niƙaƙƙen riɗi) da kifin gwangwani, a sha ƙwayar da aka rubuta. Ranar mau'idi ki sha ruwa kofi biyu kafin ki zo, in ya faɗo cikin azumi ki yi magana a gyara lokacin. Mai ciki ko mai shayarwa ba a ba ta.

Bayan na farko za ki iya jin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kwana 2 zuwa 3 kamar mura, Panadol ya isa, na biyu yakan zo da sauƙi. Amma in leɓe ko yatsu suna miki tsirtsir ko ido ya yi ja yana ciwo, wannan ba na jira ba ne.

Wadda ƙodarta ba ta da ƙarfi akan ba ta allurar Prolia a ƙarƙashin fata duk wata 6, ita kuma ba a yanke ta kai tsaye don ƙashin baya na iya tsagewa. In za ki gida Kano ko Damagaram ki daɗe, ki karɓi takarda mai sunan maganin da ranar da aka yi miki na ƙarshe, ki tafi da ita a jaka ɗaya da fasfo.